Garambawul ko Ɗan Beljiyam: Yadda Na Tsayar da Shawara Kan Injin Tsohuwar Motata

Wata huɗu cur motata ta yi a gindin darbejiyar garejin bakanikena, a lulluɓe da tamfol, ba don an rasa kayan gyara ko mai gyaran ba, sai don na kasa tsayar da magana ɗaya game da injinta. Motar BMW ce ƙirar 330Ci mai ƙofa biyu, ta shekarar 2002, daga jerin da ake yi wa lamba E46, kuma mai giyar hannu ce, wadda irinta ba ta da yawa a cikin waɗanda ke shigowa ƙasar nan. Daga Amurka ta fito, ta biyo ta Kwatano, ta ratsa hannun mutum biyu kafin ta zo nawa, kuma ranar da ta tsaya agogonta yana nuna mil 193,000, idan har ba a taɓa mayar da shi baya ba a tsakanin tashar jiragen ruwa da wurin dillalai.

Injin da ke cikinta shi ne M54 mai lita uku, silinda shida a jere, wanda aka ƙera tsakanin 2000 da 2006, kuma shi ne dai aka sa wa 530i da X5 da Z3 da Z4 na wancan zamani. Sabonsa yana ba da ƙarfin doki 225 a lissafin Amurka, 231 a lissafin Turai, yana kai motar gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa shida da rabi. A yau akwai motocin kai yara makaranta da suka fi haka, amma wanda ya taɓa jin yadda silinda shida a jere ke hawa daga juyi 2,000 zuwa 6,000 a minti ɗaya ba tare da sitiyari ya ko girgiza ba, ya san dalilin da ya sa mutum mai hankalinsa zai zauna yana lissafin kashe wa motar da ta haura shekara ashirin kuɗin da zai iya saya masa Corolla mai lafiya. Abin da ya fi muhimmanci ga labarin nan shi ne, gangar wannan inji, wadda bakanikai ke kira bulok, da alminiyam aka yi ta, aka sa mata hannayen baƙin ƙarfe a cikin silindojin. Alminiyam yana rage nauyi a gaban mota, amma ba ya yafe zafi idan ya wuce kima.

Tun kafin ta tsaya ta daɗe tana yi mini kashedi. Kusan kowane kilomita 1,000 sai na ƙara mata lita ɗaya ta baƙin mai, idan na saki totur a gangare na sake takawa sai hayaƙi mai ruwan shuɗi ya biyo baya, kuma a ƙasa da juyi 3,000 ta koma kamar mai jin barci. Na riƙa ƙara mai ina cewa sai bayan salla, sai bayan damina. A wata ranar Afrilu da rana tsaka, ina dawowa daga Zariya, ɗan tankin roba da ke gefen lagireto ya tsage kafin in kai Kwanar Dangora. Na ga allurar zafi ta shiga ja, kuma maimakon in kashe mota nan take in nemi mai ja, sai na ce bari in lallaɓa zuwa inda akwai mutane da inuwa. Tafiyar ba ta kai kilomita biyar ba, amma ita ce ta jawo duk abin da nake rubutu a kansa yanzu, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Daga baya da aka kwance muka tarar wani bakanike da ya riƙe motar kafin ta zo hannuna ya fasa tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, ya cire cikinsa, kamar yadda ake yawan yi a nan da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta, ni kuma shekara uku ina ɗura mata ruwan famfo tsura, har tsatsa da gishiri suka toshe rabin hanyoyin lagireto.

Abu na farko da na yi daidai a wannan lamari shi ne ƙin yarda a sauke inji kafin a auna shi. Bakanikena dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Fijo 504, kunnensa ya fi na'ura a abubuwa da dama, kuma da ya saurari injin sai ya ce, "Alhaji, ringi ne da gaskit, ba sai an wahalar da kai ba." Na ce, "Malam, na yarda da kunnenka, amma aljihuna yana so ya ga lamba." Aka cire fulogogi aka auna matsin kowace silinda. Huɗu sun tsaya tsakanin 170 da 180, ta uku da ta huɗu kuwa, waɗanda ke maƙwabtaka da juna a tsakiyar inji, sun faɗo kusan 120. Muka ɗiga baƙin mai kaɗan a cikinsu muka sake aunawa, domin idan ringi, wato zoben da ke jikin fistan, shi kaɗai ne ya gaji man yakan toshe giɓin na ɗan lokaci lambar ta tashi. A silindoji huɗun ta ɗan tashi, alamar ringi ya ci, a biyun nan kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da aka hura musu iska sai ga kumfa tana fitowa ta bakin lagireto. Malam bai yi kuskure ba, sai dai awon ya nuna mana cewa cuta biyu ce ta haɗu, tsohuwa da sabuwa, kuma sabuwar ita ce mai haɗari.

Haɗarin nata ya bayyana ne lokacin kwance kan injin, wanda ake kira top. Dogayen notuna 14 ne ke ɗaure shi da ganga, kuma a cikin alminiyam suke kamawa. Idan inji ya yi zafi ƙwarai, top ɗin yakan lanƙwashe ya ja notunan sama, alminiyam ɗin da ya yi laushi ya saki haƙoransa. Uku daga cikin namu sun fito da ɓawon alminiyam nannaɗe a jikinsu. Ma'anar wannan ita ce, ko an sayo sabon gaskit mafi tsada an ɗora, notunan ba za su ɗauru yadda ake bukata ba, kuma bayan mako biyu ko wata guda ruwa zai sake haɗuwa da mai. Na san mutanen da suka biya kuɗin gaskit sau uku a kan wannan inji suna zagin masu sayar da kaya, alhali cutar tana cikin ramin noti.

Daga nan ne shawarwari suka fara yi mini ruwa. Mafi rinjaye, kuma ita ce Malam ya fara kawowa, ita ce a sayo inji ɗan Beljiyam, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi, a ɗora a huta. Hujjarta tana da ƙarfi. Saboda X5 da 530i sun yi yawa a ƙasar nan, M54 ba ya wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna, balle Ladipo ta Legas, aikin ɗorawa kwana biyu ne ko uku, kuma a lissafin farko ya fi garambawul araha. Na yi mako biyu ina zagaya rumfuna ina leƙa injuna da tocila. Abin da ya sanyaya mini gwiwa lissafi ne mai sauƙi: an daina ƙera wannan inji tun 2006, saboda haka mafi ƙuruciya a cikin waɗanda ke jibge a ƙasa ya kusa shekara ashirin, ringinsa irin nawa ne, robobinsa sun sha shekarun da nawa suka sha, kuma babu wanda zai iya faɗa mini ko shi ma zafi ne ya kai motarsa wurin masu yanka. Mai rumfa zai ba ka sati ɗaya ko biyu na gwaji, kuma ba zaluntarka ya yi ba, domin shi ma a rufe ya saya daga kwantena. Amma injin da notunansa suka fara saki zai iya cinye satin gwajin lafiya lau. Idan kuwa na ce sai na buɗe ɗan Beljiyam ɗin na sabunta masa ringi da gaskit da robobi kafin in ɗora, to na biya kuɗin inji na kuma biya kuɗin garambawul. Ga wanda motar ita ce ƙafarsa ta zuwa aiki, kuma yana bukatarta ranar Litinin, ba zan hana shi ɗan Beljiyam ba. Tawa ba ta cikin wannan hali.

Yayana kuwa, da ya zo ya ga motar a kwance, cewa ya yi, "Kai dai ba ka jin magana. Ka sa mata injin Toyota ka rabu da wahala." Ba wasa yake yi ba, domin dasa injin Toyota a motocin Turai sana'a ce da bakanikanmu suka ƙware a kanta. Samarin da ke wasan mota su ma sun kawo tasu: ko dai injin 2JZ na motar Toyota Supra, mai gangar baƙin ƙarfe da ta yi suna wajen jure turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ko injin S54 na BMW M3, mai lita 3.2 da ƙarfin doki 343 a lissafin Turai, wanda ke juyawa har kusan 8,000. Ban daɗe a kan wannan ba. Dashen baƙon inji yana jawo sauya ƙwaƙwalwar mota da wayoyi da mazaunin inji da giyabos, kuma mafi yawan waɗanda na gani an yi a nan suna tafiya ne da fitilun gargaɗi a kunne, agogon zafi ba ya aiki, na'urar hana santsi a mace. S54 kuwa kuɗinsa kaɗai ya isa ya sayi motar gaba ɗaya, kuma shi ma sai an buɗe ƙasansa an sauya metal, wato siraran ƙarafan da ke rage gogayya a ƙasan inji, kafin a amince masa. Na ce wa Yaya idan ina son Toyota zan sayi Toyota da takardunta.

Saura garambawul, kuma a nan ne na fi ɓata lokaci, domin da zarar mutum ya yarda za a buɗe inji har ƙasa, sai zuciya ta fara raya masa cewa tunda an riga an buɗe, me zai hana a ƙara kaza da kaza. Na cika shafi biyu na littafi da abubuwan da nake sha'awa, kuma a saman shafin farko turbo ne.

Abin da ya sauko da ni daga kan turbo ba tsoro ba ne, yanayin injin ne da yanayin garinmu. M54 yana matse iska da fetur kashi 10.2 zuwa ɗaya, wanda matsi ne mai yawa tun ba a ƙara masa komai ba. An tsara shi ne da tunanin fetur mai ingancin da ake sayarwa a Jamus, kuma da fetur ɗinmu ma ƙwaƙwalwarsa, Siemens MS43, tana yawan ja da lokacin tartsatsi baya domin kare fistan daga ƙwanƙwasa. Idan aka tura masa ƙarin iska da turbo, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da fetur ɗin da na wannan gidan mai ya sha bamban da na wancan, to dole a sauya fistan zuwa masu rage matsi, a sa manyan nozul, a ƙara na'urar sanyaya iska, a sauya kuloci, sannan a sami wanda zai sake tsara ƙwaƙwalwar a kan na'urar gwaji, ba da ka ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da dala ake sayensa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk wanda ke sayo kaya daga waje ya san yadda lissafi ya koma. Ga kuma fetur da aka cire wa tallafi ranar 29 ga Mayun shekarar, wanda turbo ba ya tausaya masa. Na kuma tambayi kaina gaskiya: a wace hanya zan taka ƙarfin doki 350? Tsakanin ramuka da shingayen bincike da 'yan adaidaita sahu, ko 225 ɗin ban cika taɓa ƙarshensa ba.

Sauya kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ya fi kama hankali, amma kamfanin da kansa ya riga ya nuna iyakar abin da za a samu. A ƙirar da ya fitar wa kasuwar Amurka daga 2003, wadda ake kira ZHP, ya sa wa wannan inji wasu kamshaf dabam, ya gyara tsarin ƙwaƙwalwa, ya ɗaga iyakar juyi daga 6,500 zuwa 6,800, kuma duk da haka ƙarfin ya tashi ne daga 225 zuwa 235 kawai. Idan injiniyoyin da suka zana shi doki goma suka iya tatsowa, ban ga dalilin da zai sa in gaskata tallan da ke yi mini alkawarin talatin daga bututun iska da salansa mai ƙara ba. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari, wadda samari ke so saboda gurnaninta, ita ce ta fi ba ni dariya da na yi tunani a kanta: za ta riƙa zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet, kuma a watannin hunturu za ta buɗe wa ƙura hanya zuwa silindojin da na biya kuɗi aka goge. Akwatin iska na asali zai zauna. Haka ma matatar hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, wadda aka yi ta ba ni shawarar a fasa a sayar da cikinta. Tawa ba ta toshe ba, kuma ba na son warin da mota ke yi idan an cire ta.

Da na soke duk waɗannan sai na ga abin da ya rage a shafin ba ya ƙara doki ko ɗaya, amma shi ne ainihin ƙarin da motar ke bukata. Na farko shi ne ramukan notunan top: za a huda dukkan 14 ɗin, ba ukun da suka lalace kaɗai ba, a dasa musu hannayen ƙarfe masu haƙora, domin sauran 11 ɗin ma zafin da ya taɓa ukun ya taɓa su. Wannan aiki yana bukatar faranti na musamman da ke riƙe abin huda a tsaye cak, kuma na gaya wa Malam ba za a yi shi da ido ba ko da zai ɗauki wata guda kafin a samo farantin. Sai ringin mai. Na M54 sirara ne marasa ƙarfin matsi, an yi su haka ne domin rage gogayya, kuma idan gawayi ya kama su sukan daina share mai daga bangon silinda. Masu wannan inji da yawa suna sa na wanda ya gabace shi, M52TU, tunda faɗin silindar ɗaya ne, milimita 84, kuma shi na zaɓa. Tare da shi za a sauya robobin bawul da kuma bawul ɗin da ke fitar da tururin mai daga cikin inji, domin shi kaɗai idan ya fashe yana iya sa inji shan mai kamar ringi ya mutu, kuma na tabbata wasu injunan da aka sauke a garin nan shi ne kawai ciwonsu.

Barcin da take yi a ƙasa da juyi 3,000 kuwa daga VANOS ne, na'urar da ke gusar da lokacin buɗewar bawul da matsin mai. Zobban roba ne a cikinta da suka ƙanƙance da shekaru, mai yana zurarewa, kamshaf ba ya gusawa yadda ƙwaƙwalwa ta umarta. Kuɗin zobban bai kai na taya ɗaya ba, kuma ina kyautata zaton su za su dawo mini da yawancin ƙarfin da nake mafarkin saya da turbo. Haka ma ɗan murfin DISA da ke cikin bututun shigar iska, wanda muka tarar yana lilo a kan sandarsa, saura ƙiris ya karye ya faɗa cikin inji.

Akwai kuma wani noti guda ɗaya a jikin famfon mai, mai ɗaurin hagu, wanda ba a ganinsa sai an cire kaskon ƙasa. Tafiyar fistan a wannan inji doguwa ce, milimita 89.6, kuma idan aka daɗe ana riƙe shi a saman juyi girgizar karanshaf tana iya kwance notin, famfo ya tsaya, inji ya buga cikin daƙiƙoƙi. Ba kasafai yake faruwa ga mai tuƙin gari ba, amma huda notin a ɗaure shi da waya aikin minti talatin ne idan inji yana kan tebur. Tsarin sanyayawa kuwa ba a yi masa faci ba: sabon lagireto, sabon tanki da murfinsa, famfon ruwa mai fuka-fukan ƙarfe, dukkan tiyo, tamostat cikakke irin na asali mai waya, da ruwan sanyi na gaskiya gauraye da tataccen ruwa. Malam ya ɗan yi gardama a kan tamostat, na ce masa injin da aka tsara ya yi aiki a kusan digiri 95 idan aka bar shi a 60 fetur zai riƙa sha yana wanke mai daga bangon silinda, kuma wataƙila hakan yana cikin abin da ya cinye ringin farko. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Alhaji, motarka ce," wanda a bakinsa kusan amincewa ce.

Kafin in biya ko sisin kwabo na kayan inji sai da na sa aka ɗaga motar aka sauke ƙafafun baya. E46 ta shahara da tsagewar ƙarfen ƙasa a inda gadon ƙafafun baya ke ɗaure, kuma hanyoyinmu ba sa taimakawa. Da na tarar wurin ya yage sosai, da na sayar da ita ga masu yanka na huta, domin babu amfanin sabon inji a jikin da ke rabuwa. Mun sami tsaga biyu gajeru a ɓangaren hagu. Mai walda zai ɗinke su ya ɗora faranti na ƙarfafawa, kuma kuɗin da na so in kashe wa kamshaf shi ya tafi nan da sababbin robobin ƙafa da shakazoba da tiyon birki.

A ranar Asabar da ta wuce top ya dawo daga wurin masu gogewa. Milimita 0.2 aka cire, iyakar da aka yarda da ita kuwa 0.3 ce, kuma gwajin matsi bai nuna tsaga tsakanin bawuloli ba, wanda shi ne abin da ya fi hana ni barci. Silindojin ba su bukaci a faɗaɗa su ba, gogewa kaɗan ta isa, karanshaf ma yana kan awonsa na asali, saboda haka metal na asali za a sa. Na sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri na ajiye a garejin, muka yi yarjejeniya da Malam cewa ranar ɗaure top ina tsaye: sababbin notuna, a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, ma'auni 40 da farko, sannan juyin digiri 90 sau biyu, ba da bututun ƙarfe da ƙarfin yaran gareji ba. Bayan an tayar da ita zan yi kilomita 2,000 ban haura juyi 4,500 ba, in yi juye da wuri, in sake auna matsin silindojin in rubuta a littafin da na soke turbo a cikinsa. Farantin hudar yana hanya daga Legas, direban ya ce ranar Laraba zai shigo Kano.